Amsa kan sunan Arjun: ma'anarsa, masu sa shi, da yawansa

Wa alaikumus salam. Malama, kin ce kina rubuta labari mai ɗan Indiya a ciki, kina son sa masa Arjun, shi ne kike tambayar ma'anar sunan, da ko ya yaɗu a can, da kuma ko zai dace idan yaron Musulmi ne. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ke saurin ɓata labari. Bai dace ba. Duk ɗan Indiyan da ya ji Arjun, gidan Hindu zai kawo a ransa, ko gidan Sikh. Musulmin Indiya sunayen Larabci da Farisanci suke sawa, irin su Imran, Salman, Javed, Firoz, Shahid. Fim ne ya ruɗa mu, saboda jarumi Musulmi kan fito da sunan Hindu a wasa, sai mu ɗauka duk ɗaya ne.

Asalin kalmar daga Sanskrit take, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, kuma a can "arjuna" ake cewa. Ma'anarta fari, mai haske, mai ƙyalli irin na azurfa. Tushenta ɗaya da "argentum", wato azurfa a Latin, inda ƙasar Ajantina ta samo sunanta. Shafukan sunayen jarirai za su ƙara miki da "jarumi", "maharbi", "wanda ba a cin sa da yaƙi". Waɗannan siffofin mai sunan ne, ba ma'anar kalmar ba. Akwai ma itace mai wannan suna a Indiya, mai farin ɓawo, yana fitowa a bakin rafi, masu maganin gargajiyarsu na Ayurveda suna ba da ɓawonsa don ciwon zuciya.

Sai dai babu uban da ke sa wa ɗansa Arjun don yana nufin fari. Don Arjuna na Mahabharata, babban littafin labarin gargajiya na Hindu, ake sawa. Shi ne na 3 cikin 'yan'uwa 5 da ake kira Pandava: Yudhishthira, Bhima, Arjuna, sai tagwaye Nakula da Sahadeva. Uwarsa Kunti, ana jingina shi ga sarki Pandu, amma a aƙidarsu ɗan Indra ne, abin bautarsu na tsawa da ruwan sama. Malaminsa Drona, bakansa yana da suna, Gandiva. Labarin da kowane ɗan makaranta ya sani shi ne ranar da Drona ya kafa tsuntsun katako a kan itace ya tambayi ɗalibansa me suke gani. Kowa ya lissafo itace da ganye da mutane, Arjuna ya ce shi tsuntsun kawai yake gani, a yadda aka fi ba da labarin ma idonsa kaɗai. Wannan tattara hankalin ne iyaye suke yi wa ɗansu fata. Sannan a filin Kurukshetra, yaƙin kwana 18, da ya ga kakanni da malamai da 'yan'uwansa a sahun abokan gaba sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye baka. Nasihar da Krishna, abin bautarsu da ke tuƙa masa keken doki, ya yi masa a wurin ita ce Bhagavad Gita, littafi mai tsarki a wurin Hindu, babi 18, baiti 700. Kin ga suna ne mai nauyin addini, ba na ado kawai ba. Idan ɗan labarinki matsoraci ne ko malalaci, 'yan gidansu za su riƙa yi masa gori da sunan, kuma wannan abu ne da za ki iya morewa a rubutu.

Yadda aka rubuta sunan yana nuna yankin mutum, a nan kuma marubuta suka fi yin kuskure. Hindi da yawancin harsunan arewacin Indiya suna yar da "a" ɗin ƙarshe, shi ya sa Arjuna ya koma Arjun, kamar yadda Rama ya koma Ram. A Tamil Nadu da Kerala tsohon salo Arjunan ne, ko da yake samarin yanzu Arjun suke ɗauka. A Siri Lanka Arjuna ne cikakke, kamar Arjuna Ranatunga da ya jagoranci ƙasar ta ci kofin duniya na kurket a 1996. A Punjab, wajen Sikh, Arjan ya fi yawa, saboda Guru Arjan Dev, shugabansu na 5, wanda ya tattara littafinsu mai tsarki a 1604 aka kashe shi a Lahore a 1606. Kada ki haɗa da Arjen ko Arjan na Holan, irin na Arjen Robben ɗan ƙwallo, wannan daga Adrian ya fito, ba shi da alaƙa da Sanskrit.

Sunan dangi ma sai ya tafi da yankin. Arjun Reddy mai jin Telugu ne, daga Andhra Pradesh ko Telangana. Arjun Nair ɗan Kerala, Arjun Patel ɗan Gujarat, Arjun Sharma ɗan gidan Brahmin (zuriyar malaman addinin Hindu) na arewa, Arjun Singh kuma Rajput (zuriyar mayaƙa) ko Sikh. Mutanen Telugu sukan sa sunan gida a gaba, shi ya sa jarumin nan Allu Arjun, Allu ne sunan gidansu. Idan kika ce yaron ɗan Mumbai ne kina da sauƙi, don kowace ƙabila tana can. Idan kika ce ɗan wani ƙauye ne a Kerala kika sa masa Patel, wanda ya san ƙasar zai ajiye karatun.

In kina son rubuta ranar suna, namakarana ake ce mata, galibi rana ta 11 ko ta 12 bayan haihuwa, wasu gidajen su jinkirta. Kafin nan ana kai wa malamin duba rana da sa'a da garin haihuwa, ya lissafa inda wata yake a lokacin. Manzilolin wata a wurinsu 27 ne, nakshatra, kowanne an raba shi 4, ya ba da 108, kuma kowane kashi yana da sautin da ya kamata suna ya fara da shi. Sautin "A" yana kashin farko na Krittika, taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Wata yana ƙetare kashi ɗaya cikin kimanin awa 6, don haka in aka yi kuskuren rubuta lokacin haihuwa, sautin sai ya canza. Ranar bikin uba ne ke raɗa sunan a kunnen dama na jariri, a wasu yankuna kamar Maharashtra kuma goggon yaro, 'yar'uwar uba, ita ce mai wannan hakki. Gidaje da yawa a birane yanzu suna biyu suke yi: na taurari a ɓoye shi don ayyukan ibada da lissafin aure, na makaranta kuma su zaɓi abin da ya yi musu daɗi. Saboda haka ba kowane Arjun aka haifa a Krittika ba.

Batun yawa kuwa, ki yi hattara da alƙaluman intanet. Gwamnatin Indiya ba ta fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara yadda hukumar SSA ta Amurka da ONS ta Ingila suke yi. Jerin da kike gani wai "sunaye 10 da suka fi yawa a Indiya" daga masu rajista a shafukan rainon yara ake ɗebo su, 'yan birni masu jin Turanci, ba sa wakiltar ƙasa mai mutum sama da biliyan 1.4. A Amurka, inda ake ƙirga na gaske, Arjun ya daɗe cikin sunayen maza 1,000 da suka fi yawa, abin da sunayen Hindu kaɗan suka samu. Can ma kowane rubutu daban ake ƙirga shi, Arjun daban, Arjan daban. Dalilin karɓuwarsa a waje a fili yake: gaɓa biyu, babu sautin da ke wahalar da baƙo. Mu ma haka, "Ar" kamar farkon arziki, "jun" da gajeren wasali, kada a ja shi.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai tsufa ba. Ramesh da Suresh sun zama na dattawa, Amit da Sanjay na magidanta, Aarav da Vihaan na yaran bayan 2000. Arjun yana kowane tsara: tsohon ɗan siyasa Arjun Singh da ya rasu a 2011, jarumi Arjun Rampal, da Arjun Erigaisi ɗan wasan dara na chess da aka haifa a 2003. Gwamnati ma ta taimaka wajen raya shi, don lambar yabon 'yan wasa ta Arjuna tun 1961 ake ba da ita, kuma tankar yaƙin da Indiya ta ƙera da kanta Arjun aka sa mata. A ganina wannan ne amfaninsa gare ki, ko ɗan shekara 8 ne ko 60 sunan zai zauna. Illarsa ita ce marubuta da masu fim sun cinye shi. In kina son suna mai nuni ga jarumin nan da ɗan sabunta, laƙuban Arjuna da kansu sunaye ne: Parth, wato ɗan Pritha, ɗaya sunan Kunti, da Dhananjay, da Vijay.

A cikin hira kuma ki lura da wanda ke kiran sunan kai tsaye. In gidan masu Hindi ne, uwa za ta fi cewa "beta", wato ɗana, ƙanne su ce "bhaiya", wato yaya, ma'aikatansa su ce "Arjun ji" ko "sahab". Matar da ta tashi a gidan gargajiya ba ta kama sunan miji, alkunya ce irin tamu, sai dai ta ce "baban wane" ko "suniye", wato ji mana. Ma'auratan birni na yanzu sun bar wannan, amma a gaban surukai da yawansu suna kiyayewa.