Tambayoyinku kan Lafiya: Abin da Kukan Jariri Yake Nunawa Lokacin Haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni kaka ce, ina zaune a unguwar Birni a Damagaram. Matar ɗana ta haihu namiji makon jiya, amma da ya faɗo bai yi kuka ba, sai da ungozoma ta goge shi, ta murza masa baya, sannan ta ɗora masa wata roba a fuska tana matsawa, kafin aka ji muryarsa. Yanzu yana shan nono sosai, sai dai mata masu zuwa barka suna cewa yaron da ya makara da kuka ba ya tashi da cikakken hankali, wasu kuma suna cewa a kira wanzami ya cire masa beli domin muryarsa ba ta da ƙarfi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata Hajiya, Birni.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Barka da arziki, Allah ya raya shi, ya sa mai albarka ne. Jariri a cikin mahaifa ba ya numfashi da huhunsa, domin huhun cike yake da ruwa, kuma iskar da jikinsa yake buƙata tana zuwa masa daga jinin uwa ta hanyar mabiyiya da cibiya. Da zarar ya fito, dole ya ja iska da ƙarfi ya buɗe huhun, kuma kuka yana taimaka wa wannan aiki, saboda yana tura iska cikin ƙananan jakunkunan huhu, ruwan da ya rage yana janyewa. Saboda haka abin da ungozoma take nema a kukan farko shi ne shaidar cewa numfashi ya fara. Jaririn da ya fito shiru amma ƙirjinsa yana ɗagawa daidai, yana motsa hannu da ƙafa, leɓɓansa suna yin ja, ba shi da matsala ko da bai tsala ihu ba.

Kimanin jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar taimako kafin ya fara numfashi, kuma yawancinsu gogewa da murza baya sun ishe su. Wanda bai amsa ba sai a hura masa iska da robar nan da kika gani, ana son a fara kafin minti ɗaya ya cika. Abin da aka yi wa jikanki ke nan, kuma ungozomar ta cancanci godiya, domin ba ta tsaya jira ba.

Game da maganar hankali, likitoci ba sa yanke hukunci da kuka kaɗai. Akwai ma'aunin da wata likita 'yar Amurka mai suna Virginia Apgar ta tsara a shekarar 1952, wanda ake duba abubuwa biyar da shi: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, yadda jariri yake amsawa idan an taɓa shi, da launin jikinsa. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2, a minti na farko da kuma minti na biyar, kuma maki 7 zuwa 10 alama ce mai kyau. Jarirai da yawa suna samun maki kaɗan a minti na farko, su farfaɗo kafin minti na biyar, su tashi lafiya lau kamar kowa. Inda ake jin tsoro shi ne idan an daɗe ana fama numfashi bai dawo ba, kuma idan rashin iska ya taɓa ƙwaƙwalwa sosai, alamun sukan bayyana a kwanaki uku na farko: jijjiga, kasa kama nono, sakin jiki, da barcin da ba a iya tashe shi. Tun da kin ce yana tsotso da kyau, wannan babbar shaida ce a gare shi. Duk da haka, idan kun koma awo, ku tambayi ungozoma abin da ta rubuta a littafinsa, ku kuma ci gaba da kai shi ana duba girmansa.

Ita kuwa muryar, ya kamata a saurare ta da kunnen basira, domin kuka iri-iri ne. Lafiyayyen kuka yana tashi da ƙarfi, ya tsaya jariri ya ja numfashi, ya sake tashi, kuma yana lafawa idan an ba shi nono ko an rungume shi. Kuka mai tsini ƙwarai, mai soke kunne, wanda rarrashi ba ya tsayar da shi, yana iya nuna cewa wani abu yana damun ƙwaƙwalwa, kamar sanƙarau ko shawara mai tsanani, musamman idan maɗiga ta kumbura ko jariri yana banƙarewa. Kuka marar ƙarfi, wanda da ƙyar ake ji, ana ganin sa ga bakwaini, da jaririn da sanyi ya kama, da wanda sukarin jininsa ya yi ƙasa, da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa. Wanda mutane suka fi rainawa shi ne nishi, wato ɗan gurnanin da jariri yake yi duk lokacin da ya fitar da numfashi. Iyaye sukan ɗauka barci yake yi mai daɗi, alhali huhunsa ne yake wahala, kuma idan an ɗaga riga za a ga ƙasan ƙirji yana lotsawa, numfashi ya haura sau 60 a minti ɗaya. Akwai kuma wata larura ta halitta da ba a cika samu ba, wadda likitan Faransa Jérôme Lejeune ya bayyana a 1963, inda kukan jariri yake kama da na kyanwa.

Maganar beli kuwa, Hajiya, ina roƙonki ki hana. Beli ba ya rage ƙarfin murya, kuma yanke shi yana iya jawo zubar jini, ya hana jariri tsotso saboda ciwo, ko ya buɗe ƙofa ga tetanos, cutar da take sa jaririn da ya fara tsotso lafiya ya daina bayan 'yan kwanaki, bakinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare. Idan har muryar tana damun ku, ku kai shi ƙaramar cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa, su kuma idan sun ga dalili za su tura ku Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ko Babban Asibitin Zinder.

Tambaya: Likita, muna zaune a ƙauye kusa da Mirya, kuma matata za ta haihu cikin hunturu. Idan naƙuda ta zo da dare aka haihu a gida, jariri bai yi kuka ba, me za a yi? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, mafi alheri shi ne ku shirya abin hawa da kuɗin hanya tun yanzu domin ta haihu a hannun ma'aikatan lafiya, saboda robar hura iska ba ta samuwa a gida. Idan haihuwa ta riga ku, a goge jariri nan take da tsaftataccen zane busasshe, a canza jiƙaƙƙen da wani, a share bakinsa da hancinsa idan majina ta toshe, sannan a murza masa baya sau biyu ko uku. Kada a watsa masa ruwan sanyi, kada a rataye shi da ƙafa, kada a mare shi ko a girgiza shi. Idan ya yi kuka, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, a ba shi dakashi cikin awa ta farko, a kuma jinkirta wanka zuwa washegari. Idan kuwa bai numfasa ba, ko yana numfashi da ƙyar, a naɗe shi da ɗumi a kama hanyar asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.