Farfaɗiya da hailar ɓera: amsar tambayoyi biyu

Wata ɗalibar kimiyya ta aiko da tambayoyi biyu: shin farfaɗiya daga farfaɗowa ta samo asali, kuma daidai ne a ce macen ɓera tana haila, kamar yadda ta ga an rubuta a bayanin wani bincike?

Ta farko kunne ma ya isa ya raba gardama, domin ana jan wasalin tsakiya a farfaɗiya kamar yadda ake ja a faɗuwa, alhali a farfaɗowa gajere ne. Tushenta faɗi ne, aka ninka gaɓar farko, sai ɗ ta koma r, yadda kaɗa ke zama karkaɗa.

Ta biyu ce mai nauyi. Haila aro ce daga Larabci, kuma jini take nufi, ɓeran ɗakin gwaji kuwa ba ya zubar da jini. Abin da macensa ke da shi zagayen barbara ne na kwana 4 zuwa 5, wanda a cikinsa sinadaran jiki masu tafiyar da haihuwa, wato isturojin da furojestaron, ke hawa da sauka, kuma wannan hawa da saukar na cikin abin da ya sa masu binciken farfaɗiya ke amfani da ɓeran. An ga cewa isturojin yakan sauƙaƙa tashin farfaɗiya, har a 1992 wasu masu bincike biyu, Woolley da McEwen, suka nuna cewa mahaɗan jijiyoyi a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus suna ƙaruwa idan ya yi sama, su ragu idan ya sauka. Furojestaron kuwa jiki na sarrafa shi ya zama wani sinadari mai kwantar da jijiyoyi, shi ya sa idan aka ɗaga shi a jikin ɓera na tsawon kwanaki sannan aka yanke wannan sinadari kwatsam, ɗan abu kaɗan ke jefa dabbar cikin jijjiga. Da wannan dabara ake kwaikwayon matan da ciwon ke tsananta musu gab da al'ada, lokacin da furojestaron ke faɗuwa.

Kalmar kwaikwayo nake so ɗalibar ta riƙe, domin Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane, wato kamanni ba ya mayar da abu biyu ɗaya. Wanda ya rubuta hailar ɓera ya sa mai karatu ya ɗauka an gwada abin a kan zagayen wata guda irin na mata, alhali sai da aka ƙirƙiri yanayin da magani. A ganina a rubuta zagayen barbara ga dabbobin gwaji, a bar wa mata haila da al'ada.