Ku Tambayi Likitan Dabbobi: Ɗan Karen Gidanmu Ya Ƙi Daina Zawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Asawase, nan Kumasi. Muna da wani ɗan ƙaramin kare mai farin gashi da ƙanin maigidana ya bar mana da zai yi tafiya. A tsakar gida yake kwana, kuma haushinsa ya sha tashinmu idan an taɓa ƙofa da dare. Shekararsa 3, nauyinsa kilo 4. Wata huɗu ke nan cikinsa bai zauna ba: yau lafiya, gobe zawo da majina, wani sa'in amai da asuba. Abincin karnuka na kanti ya fi ƙarfinmu, shi ya sa nake zuba masa abin da muka ci, ko in dafa masa shinkafa da kaza. Sai ya ɗan samu sauƙi, abin ya dawo. Me zan riƙa dafa masa? Maƙwabta suna cewa wahalar banza nake yi a kan kare. Daga wata uwa a Asawase.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar maƙwabta kada ta dame ki. Dabbar da take gadin ƙofarki amana ce a hannunki, kuma kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Kafin ki ɗora tukunya, akwai aiki ɗaya. Zawon da ya wuce mako uku yana tafiya yana dawowa ya daina zama ɓacin ciki na yau da kullum, kuma a garinmu abin da na fara zargi shi ne tsutsar ciki da wata ƙwayar cuta mai suna jiyadiya, wadda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa. Karen da yake lasar ruwan kwata a lokacin damina ba ya rabuwa da su. Ki ɗebi kashinsa na safiya a leda mai tsabta ki kai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati ko wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a duba. Yawanci ana ba da maganin tsutsa mai suna fenbendazol na kwana uku zuwa biyar, gwargwadon nauyi. Idan tsutsa ce, ko wane irin girki kika yi ba zai tsayar da zawon ba.

Sai batun abin da kuka ci. Hajiya, ragowar tukunyarmu ba ta dace da cikin wannan kare ba. Ki duba waakye ɗinmu da shito, ko miyar da muke cin banku da tuwon zafi da ita: albasa, tafarnuwa, barkono, manja, dunƙulen magi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma kare mai kilo 4 ba ya buƙatar da yawa kafin su yi masa illa. Maiƙo kuwa, irin fatar kaza da kitsen tsire, yana iya kumbura fankiriyas, wata gaɓa kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, kuma ƙananan karnuka sun fi faɗawa wannan ciwo. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Busasshen kifi mai gishiri irin koobi da momoni, a bar su. Inabi, zabibi da cakulan guba ne gare shi. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana kashe hantar kare, don haka kada a ce "ai kare ne" a zuba masa abin da ya lalace.

To me ya sa shinkafa da kaza suke aiki na ɗan lokaci sannan abin ya dawo? Ko dai saboda ana komawa ragowar miya da zarar ya ji sauƙi, ko kuma kazar ce kanta hanjinsa ba ya so. Kaza, naman shanu da madara suna cikin abubuwan da jikin karnuka ya fi ƙi, domin su ne suka fi ci. A nan girkin gida yake da amfanin da abincin kanti mai araha ba shi da shi: ke kin san duk abin da ya shiga kwanon.

Ga yadda nake so ki yi. Ki zaɓi nama guda ɗaya da bai taɓa ci ba, da abinci mai sitaci guda ɗaya. A Kumasi ba za ki sha wahala ba: ɗanyen karfasa, ko zabo irin wanda ake kawowa daga arewa, ko zomo. Na fi son karfasa saboda ba ta da maiƙo, amma sai kin zauna kin cire ƙaya tsaf da yatsunki. Idan ya saba cin kifi a gidanku, ki ɗauki zabo, ki cire fatar. Ki haɗa da dankalin Hausa da aka fere aka dafa ya yi luguf. Ruwa zalla, babu gishiri, babu mai, babu magi. Kare mai nauyin naki yana buƙatar wajen kalori 300 a yini, wato kusan giram 100 na dafaffen kifi da giram 200 na dafaffen dankali. Ki raba kashi uku ko huɗu, domin ƙaramin ciki mai ciwo ya fi jure kaɗan-kaɗan. Ki nemi ɗan sikelin kicin a kasuwar Kejetia. Awo da ido yana yaudara idan dabba ƙarama ce. Kada ki sauya masa dare ɗaya. Ki riƙa ƙara sabon kina rage shinkafa da kazar cikin kwana biyar zuwa bakwai. Ki dafa na kwana biyu ki sa a firij, in kuma wuta ta daɗe a ɗauke, ki zubar ki sake.

Wurin da wannan gwaji yake rushewa ba a tukunya ba ne, a tsakar gida ne. Yaro ya jefa masa ƙosai, kaka ta ji tausayinsa ta miƙa masa ƙashi, wani ya zuba masa ragowar koko. Yanka ɗaya na wani nama ya isa ya dawo da zawon, ke kuma ki ɗauka girkinki ne bai yi ba. Ki tara mutanen gida, har da masu haya idan gidan na haɗaka ne, ki roƙe su: babu abin da zai shiga bakinsa sai abin da ke kwanonsa da ruwa mai tsabta. A rufe kwandon shara. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta yadda kashinsa yake kowace rana, ki auna nauyinsa duk mako. Karnukan da abinci ne matsalarsu, kuma suna da yawa, sukan nuna sauyi cikin mako biyu. Idan ya daidaita, ki ci gaba har wata guda ko fiye, sannan ki ƙara abu ɗaya, misali kaza, ki jira mako ɗaya ki gani. Da haka za ki gane wanda yake tayar masa da ciki.

Yanzu abin da ya fi damuna. Kifi da dankali gwaji ne, ba abincin shekara ba. Nama yana da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyum mai gina ƙashi kuma kaɗan, kuma idan aka daɗe a haka jiki yakan zari kalsiyum daga ƙashi. A 2013, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka sun duba tsarin girkin karnuka guda 200 da suka tattaro daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin ɗari sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki yake buƙata. Karen da ya gama girma zai jure 'yan makonni, kwikwiyo mai tasowa ba zai jure ba. Saboda haka bayan cikin ya zauna, ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka ya zama gari, ki riƙa barbaɗa masa ƙasa kaɗan da kwatan cokalin shayi a yini. Zai kuma buƙaci ɗan man girki da haɗin bitamin da ma'adinai irin su zink da aidin, kuma wannan awon likita ne zai yi miki shi yana kallon karen. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke nan Kumasi akwai makarantar likitancin dabbobi, ba sai kin je Accra neman masana ba.

Kada ki jira gwajin ya ƙare idan kin ga jini ko baƙin kashi kamar kwalta, amai babu tsayawa, dasashi ya yi fari, ciki ko ƙafafu sun kumbura, ko yana ta ramewa duk da yana ci. Ƙaramin kare yana bushewa da wuri. Haka nan idan mako uku suka wuce babu sauyi, sai a auna jininsa, domin hanjin da ya daɗe da ciwo yakan kasa tsotse bitamin B12, wani lokaci sai an yi allura.

TAMBAYA: Likita, nawa karen idan ya fara zawo Flagyl nake saya a kemis in ba shi rabi. Akwai laifi? Daga wani maigida a Aboabo.

AMSA: Akwai, Alhaji. Ƙwayar an yi ta ne da awon mutum, rabinta ma tana iya yi wa ƙaramin kare yawa, kuma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa: ka ga yana tangaɗi, idanunsa suna rawa. Tana kuma kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, shi ya sa zawon yake dawowa da an daina. Likita yana ba da ita a inda ta dace, bayan ya auna nauyi. Ibuprofen kuwa da dangoginsa suna huda tumbin kare su lalata ƙoda, kada ka ba shi ko ɓalli. Ka kai kashinsa a duba, ka tafi da kwalin maganin da ka riƙa ba shi don likitan ya ga ƙarfinsa.