Amsa ga Mai Tambaya daga Zariya: Su Waye Kiriyol na Luwiziyana?

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaya ko mutanen da ake kira Kiriyol a jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka baƙar fata ne ko Turawa, kuma yaya mu Hausawa mazauna nan muke zama da su. Launin fata ba shi ne ma'auni ba. A asali, duk wanda aka haifa a wannan yanki zamanin mulkin Faransa da Sifaniya, alhali iyayensa daga ƙetare suka zo, Kiriyol ne, ko Bature ne ko Ba'afirke ko mai jinin ɓangarorin biyu. Abin da ya haɗa su shi ne harshen Faransanci, da ɗariƙar Katolika, da girki, da daɗewar zuri'a a garin.

Faransawa ne suka raɗa wa ƙasar sunan sarkinsu Louis na 14 a 1682, suka kafa birnin Niyu Olins a 1718. Mulki ya koma hannun Sifaniya bayan 1762, ya sake komawa Faransa, har Napoleon ya sayar wa Amurka da yankin a 1803 kan dala miliyan 15. Luwiziyana ta zama jiha a 1812, amma har gobe ba ta yi kama da maƙwabtanta ba, domin dokokinta na gado da aure da dukiya daga tsarin Faransa da Sifaniya suka samo tushe, kuma gundumominta 64 sunan yankunan coci suke amsawa.

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne ɓangaren Afirka. Galibin bayin da aka kawo zamanin Faransa daga yankin kogunan Sanagal da Gambiya aka kwaso su, Bambara da Wolof da danginsu, mutanen da suka san noman shinkafa da sarrafa baban rini tun a gida. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta bi tsofaffin takardun kotu da na rabon gado, inda ake rubuta ƙabilar bawa kusa da farashinsa, ta tarar da Fulani da Yarbawa da Ibo, kuma cikin jerin akwai Hausawa, ko da yake ba su da yawa. Wannan ya sa idan dattijo Bakiriyol ya tambaye ni daga ina nake, ba na ɗaukar tambayar da wasa. Shi ya san sunan kakan kakansa Bafaranshe da garin da ya fito, amma na kakarsa ta Afirka an binne shi a takardar ciniki.

A tsakanin bayi da iyayen gijinsu wani rukuni ya taso na 'yantattu masu jinin Afirka, waɗanda suka mallaki gidaje, suka yi ilimi, suka riƙe sana'o'i irin su gini da ƙira da ɗinki, kuma ba za a ɓoye ba, wasunsu sun mallaki bayi. Yawansu ya ƙaru a 1809 da 1810, lokacin da kimanin mutum 10,000 da suka gudo daga juyin juya halin Haiti suka iso Niyu Olins ta Kuba. Da tsarin Amurka ya kafu, wanda ya raba jama'a gida biyu kawai, fari da baƙi, sai wannan matsayi na tsakiya ya rushe. Homer Plessy, wanda aka kama a 1892 don ya zauna a taragon Turawa, Bakiriyol ne mai hasken fata, kuma hukuncin Kotun Ƙoli a kan shari'arsa a 1896 shi ya halatta wariyar launin fata har fiye da shekara 50.

A ƙidayar 2020 jihar tana da mutum kusan miliyan 4.7, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata ne. Kudu Katolika suka fi yawa, arewa kuwa Furotesta. Kada kuma ka haɗa Kiriyol da Kajun, waɗanda zuri'ar Faransawan Kanada ne da Ingilishi suka kora daga 1755. Harshen Kiriyol, Kouri-Vini, wanda ya samo tushe daga Faransanci, ya kusa ƙarewa, saboda tsarin mulkin jihar na 1921 ya mayar da Ingilishi harshen makaranta, aka riƙa hukunta yaro idan ya yi Faransanci. Wannan darasi ne ya sa da yawanmu muka dage da Hausa a cikin gida.

Zamanmu da su kuwa na mutunci ne, domin mutane ne masu gaisuwa da girmama tsofaffi da son ciyar da baƙo. Wahalar tana wajen tukunya. Gumbo, miyarsu da ake zubawa kan shinkafa, sau da yawa da kuɓewa ake yin ta, har ido ya ɗauka miyar gida ce, amma akan yanka tsiran alade a ciki, haka ma dafa-dukarsu da suke kira jambalaya, da jan wake da shinkafa na ranar Litinin. Saboda haka muna bayyana uzurinmu tun kafin ranar gayyata, ba sai an ajiye kwano ba, kuma maƙwabciya da ta san mu takan raba tukunya ta yi mana ta kifi da jatan lande. Mu kuma mukan aika musu da naman layya.

Jana'izarsu ta fi komai ba baƙo mamaki, domin a Niyu Olins wasu iyalai sukan raka gawa da masu busa ƙaho, a tafi da taken jimami a dawo da na rawa, kuma akan sa mamaci ne a kabarin da aka gina bisa ƙasa. Mukan je gida mu yi ta'aziyya, mu kai abinci, amma ba ma shiga jerin kiɗan, su ma kuma ba su taɓa ƙullatarmu a kan hakan ba. Lokacin bikin Mardi Gras, kafin azumin Kiristoci, wasunmu sukan kai yara kallon jerin gwanon rana a unguwanni, su kauce wa tsakiyar birni da dare inda giya ke gudana, wasu kuma ba sa zuwa sam, kuma har yau kanmu bai haɗu a kan wannan ba.