Ba kowane ƙaiƙayi ba ne sanyi: amsa ga 'yar'uwar da ta gaji da shan magani

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Sau biyu na karanta tambayarki, don kamar labarina kika bayar. Kin ce wata takwas ke nan kina fama da ƙaiƙayi da ƙuraje a gaba da matsematsi, an ba ki maganin sanyi har karo huɗu ba tare da an yi miki gwaji ko ɗaya ba, abin ya lafa kwana kaɗan ya dawo, har zuciyarki ta fara zargin maigidanki. Yanzu kuma likitar fata ta ce za ta manna miki filasta a gadon baya don ta gano ko jikinki ne ba ya jituwa da wani abu, ke kuwa kina ganin ina ruwan baya da ciwon da ke gaba.

Ki je ki yi gwajin nan, ƙanwata. Sannan ki nemi a yi muku gwajin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, ke da maigidanki. Ni ba likita ba ce, amma kusan shekara uku na yi a cikin wannan hali, na kuma yi wa likitata tambayoyi har sai da na fahimci abin da ya same ni.

Duk inda na kai kuka, amsa ɗaya ce: sanyi ne. Na sha kafso, an yi mini allurai, na yi matsi, na shafa man da aka ce yana maganin komai. Ƙaiƙayin na ƙaruwa ina ƙara tsafta, don a tunanina datti ne ke kawo shi: sabulu mai ƙamshi, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, da tishu mai laima da ba ya rabuwa da jakata. Cikin dare nakan farka in tarar na sosa har fata ta tsage, fitsari ya taɓa wurin in ji kamar an ɗora mini garwashi. A hankali fatar ta yi kauri ta yi baƙi. Abin da ya fi ciwon ci mini rai shi ne kallon da na fara yi wa mijina, mutumin da bai yi mini komai ba.

Ranar da na fara ganin likitar fata, ba ta rubuta mini magani ba. Cewa ta yi in koma gida in kwaso duk abin da ke taɓa fatata. Na dawo da leda cike, ta jera su a kan tebur tana juya kowanne tana karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Sannan aka manna mini filastar. Dogayen filastoci ne masu ƙananan gurabu kamar maɓallin riga, kowane gurbi da ɗigon sinadari guda, aka jera su a saman bayana aka zana lamba da alƙalami. Awa 48 ba a jiƙa wurin, ba a aikin da zai sa gumi. Aka cire aka duba, na sake komawa a kwana na huɗu, domin a nan ne amsa ta fi fitowa. Wasu ma sai an duba su a kwana na bakwai.

Tambayarki ta ina ruwan baya, ni ma na yi ta. Ga yadda aka bayyana mini. Sinadarin yakan ratsa fata ya manne wa furotin ɗin jiki, sai wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki su ɗauke shi a matsayin abokin gaba, su haddace shi. Daga ranar nan ba sa mantawa, kuma suna zagaya jiki gaba ɗaya, don haka ko a ina aka ɗora abin za su taso. An zaɓi baya ne saboda faɗinsa. Kuma ba nan take suke tasowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa mutum ba ya iya ganewa da kansa: kin yi amfani da abu ranar Litinin, ƙuraje sun fito Laraba, wa zai haɗa su? Ga shi kuma mutum na iya shekaru yana shafa mai lafiya lau kafin jikinsa ya juya masa baya. Gwajin ba sabo ba ne, wani likitan Jamus mai suna Josef Jadassohn ne ya fito da shi tun 1895.

A cikin duk gurabun nan, biyu ne suka tashi. Ban ga ja ba da aka nuna mini hoton bayana, don a baƙar fata abin ba ya yin ja sosai, duhu yake yi. Da yatsa likitar ta shafa ta ji tudun da ƙananan ƙurajen. Ɗaya haɗin turare ne. Ɗayan wani sinadari ne da ake zubawa don kada kaya su lalace, a jikin kwali ana rubuta shi Methylisothiazolinone, a taƙaice MI. Ta ɗauko fakitin tishuna ta ɗora yatsa a kan sunan. Abin da nake goge wurin da shi sau biyar, sau shida a rana don in samu sauƙi, shi ne ke hura wutar. Na yi kuka a ofishin nan.

Yadda aka gano sharrin wannan sinadari ya sa na daina raina bincike. Asibitocin fata a Turai suna tattara sakamakon gwajin filasta na dubban mutane shekara bayan shekara. Daga wajen 2010 suka ga masu tashi da MI suna ƙaruwa da sauri. A 2013 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin alaji (wato rashin jituwar jiki da wani abu) na shekara, a 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa da ake bari a jiki ba a wanke ba. Haka aka yi da ƙarfen nikel da ke cikin 'yan kunne, agogo da kan bel: ƙasar Denmark ta taƙaita shi a 1990, Tarayyar Turai ta bi baya a 1994, daga baya aka ga 'yan mata masu wannan alaji sun ragu. Masu aikin gini da hannuwansu ke tsattsagewa, an gano sinadarin kuromet na siminti ne, aka samo wani gishirin ƙarfe da ake haɗawa ya rage masa ƙarfi. Duk daga gadon bayan mutane irina da irinki aka karanto wannan ilimi. Saboda haka da likitata ta nemi izinin sa sakamakona cikin bayanan da suke tarawa, ba tare da sunana ba, na karanta takardar na sa hannu. In an nemi naki, ki sani kina da ikon ƙi, kina da ikon janyewa daga baya, kuma ƙin ba ya rage miki kulawa. Wannan haƙƙi da tsada aka same shi. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar baƙaƙen fata 399 masu tunjere ba magani don a ga yadda cutar za ta ci su, har bayan da aka tabbatar penisilin na warkar da ita.

To amma kada ki ɗauki labarina ki ce ke ma shi ke nan, ba ki da komai. Nan ne nake so ki natsu. Abin da na koya shi ne ƙaiƙayi ba ma'auni ba ne. Abubuwan da suka fi sa mace susa sau da yawa ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu ba, su kuwa cututtukan saduwa da suka fi ɓarna sau da yawa shiru suke yi. Kilamidiya da ainihin ciwon sanyi, wato gonoriya, mata da yawa suna ɗauke da su ba wata alama, suna hawa sama suna toshe hanyar ƙwai, sai an zo neman haihuwa a gane. Tunjere kuwa ya fi su iya ɓuya. Kamar mako uku bayan ɗauka wani gyambo yakan fito, ba zafi, ya warke da kansa. Bayan makonni ƙuraje su feso a jiki har tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi, su ma su tafi da kansu. Mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar tana nan shekaru, tana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, mai ciki kuma tana iya yin ɓari ko ta haifi jariri ba rai. Gwajin jini ne ke nuna shi, allurar penisilin mai daɗewa a jiki ke kashe shi. Akwai dai masu sa ƙaiƙayi, kamar tirikomonas, da ƙazuwa wadda ta fi tashi da dare ta kuma bi mutanen gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu masu warkewa, wato kilamidiya, gonoriya, tunjere da tirikomonas, fiye da miliyan ɗaya kullum. Abu ne da ya yawaita, ba abin ɓoye fuska ba ne. A ɗauki jini, fitsari da ruwan gaba, a haɗa da gwajin ƙanjamau, hankali ya kwanta.

Karo huɗun nan da kika sha magani ba gwaji su suka fi damuna. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance na kirki da mugu, yana share ƙwayoyin da ke gadin gaban mace, sai naman gwarin kandida ya samu fili, ƙaiƙayi ya ƙaru, a sake cewa sanyi ne, a sake ba da magani. Ga kuma ƙwayar gonoriya da ta riga ta gagari penisilin, ta gagari tetirasaikilin, ta gagari sifurofuloksasin a wurare da yawa, har yanzu allurar seftiriyakzon ce babbar madogara, ita ma an fara samun wadda ba ta ji. Akwai ma magunguna, irin kotirimokzazol, da kan sa wa wasu mutane tabo a gaba ko a leɓe, wuri ɗaya duk lokacin da suka sha, ya bar baƙi. Idan kin lura naki yana tashi bayan shan wani magani, ki faɗa wa likita. Man shafawar nan mai haɗi uku kuma ki ajiye shi. Sitiroyid mai ƙarfi da ke cikinsa yana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma yana sirantar da fata, fatar wurin kuwa dama ba ta da kauri, yana kuma ɓoye makero ya bar shi yana yaɗuwa. Wasunsu da niyomaisin a ciki, wanda shi kansa sananne ne wajen jawo alaji.

Game da maigida, ina roƙonki kada ki yanke masa hukunci da ƙaiƙayi. Ki ce masa likita na son ganinku tare, gaskiya ce ai. In an samu wani abu, dukkanku za a yi wa magani, ku haƙura da juna kwana bakwai bayan an gama, in ba haka ba za ku yi ta mayar wa juna. Ki kuma sani gwaji ba ya faɗin ranar da cuta ta shiga, wasu suna kwanciya a jiki tun kafin aure. Namu gwajin bai nuna komai ba, na nemi gafararsa a kan zargin da ban taɓa furtawa ba.

Ni da na bar tishun da duk wani abu mai ƙamshi, na koma wanke wurin da ruwa zalla, na shafa man da likita ta rubuta na ɗan lokaci, ƙaiƙayin ya tafi cikin kamar mako shida. Baƙin fatar ya ɗauki watanni kafin ya washe, kada ki karaya da shi. Alajin kansa ba ya warkewa, kauce masa ake yi, har yau sai na juya kwalba na karanta kafin in saya.

Kafin ranar gwajin, kada ki shafa man sitiroyid a bayanki, in kina shan na baki ko kina da juna biyu ki sanar da likitar, don takan ɗage gwajin. Ki sa tsohuwar riga saboda tawadar alƙalamin. Ki tafi da komai a cikin kwalinsa: sabulun wanka da na wanki, audugar mata, tishu, man shafawa, rinin gashi, duk maganin da kika taɓa matsawa ko shafawa, da kwaroron roba in kuna amfani da shi, don sinadaran da ake sarrafa roba da su suna cikin waɗanda ake gwadawa. Ki haɗa har da turare da man da maigidan ke shafawa, domin akwai matan da abin da ke jikin miji ne ke tayar musu da ƙurajen.