Tambaya da Amsa: Shekarata 51, in fita waje neman aiki ko in jira ritaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, dan Allah shawara nake nema. Ni nas ce, shekarata 51, na yi shekara 26 ina aiki. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa shekara huɗu da suka wuce, yara duk sun girma sun kama gabansu, autan ma ya samu aiki a wani gari, gidan ya zama daga ni sai ƙarar agogon bango. Tun ina budurwa nake da burin zama a wata ƙasa amma aure da raino suka danne shi, yanzu ya dawo da ƙarfi har bacci yake hana ni. Abin da ya raba min hankali shi ne, in ajiye aiki yanzu in nemi aikin nas a waje, ko in daure in ƙarasa shekarun da suka rage in karɓi fanshona sannan in koma wata ƙasa mai sauƙin rayuwa in huta. Ina da gida ɗaya da ɗan abin da na tara, kuma akwai wani ejan da ya ce in sayar da gidan zai gama min komai cikin wata uku. Yaran wasu sun ce in je, wasu sun ce me zan je nema da girmana. Ni kaɗai zan tafi, ba ni da kowa a can. Ya kike gani?

Daga wata mai bibiyar wannan fili

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan maigida ya sa ya huta. Na karanta saƙonki har sau uku, kuma bari in fara da abin da ya fi tsaya min a rai, dan Allah kar ki sayar da gidan nan. Ba yanzu ba, ba a kan maganar ejan ba. Zan dawo kansa.

Su masu cewa me za ki je nema da girmanki, ni ban tare da su, mace mai shekara 51 da sana'a a hannunta da lafiyarta ba ta yi tsufan da za a ce ta zauna ta jira ba. Amma gaskiya akwai abin da ya kamata ki gane tun daga farko, wanda mutane da yawa ba sa ganewa sai sun kashe kuɗi: aiki da ritaya ƙofofi biyu ne daban a wurin hukumomin shige da fice, takardunsu daban, sharuɗansu daban, kuma sau da yawa in kin shiga ta ɗaya an rufe miki ɗayar. Don haka ba ƙasa za ki fara zaɓa ba, ƙofar za ki fara zaɓa.

Toh mu ɗauki ƙofar aiki. Nan shekaru suna da tasiri sosai, ba don jikinki ya gaza ba, sai don haka tsarin nasu yake. Kanada misali tsarinta na Express Entry maki ake tarawa, wanda ba shi da aure kuma yake tsakanin shekara 20 zuwa 29 maki 110 yake samu a kan shekaru kawai, mai shekara 40 ya samu 50, daga 45 zuwa sama kuma sifili ne, kinga ke tun kafin ki buɗe baki an bar ki a baya da maki sama da ɗari. Ostireliya ma manyan bizojinta na ƙwararru sai wanda bai kai 45 ba. Jamus ba ta rufe ƙofa ba, amma wanda ya haura 45 kuma karon farko ne yake neman izinin aiki, sai albashin da za a ba shi ya kai wani mizani da suka ɗora, ko ya nuna yana da tanadin tsufa isasshe, ga kuma Jamusanci da dole nas ta iya shi sosai kafin a ba ta lasisi, don da marasa lafiya za ta yi magana ba da takarda ba. Birtaniya ita ba ta sa iyakar shekaru a bizar ƙwararru ba, amma sai kin yi rajista da hukumar nas-nas ta ƙasar wato NMC, kin ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, kin ci ta ilimin aikin nas da ake yi a kan kwamfuta, sannan in kin isa ki yi ta gwajin aiki a aikace, kuma sai asibitin da ke da lasisin ɗaukar ƴan waje ya ɗauke ki. Duk wannan ba aikin wata uku ba ne Hajiya, duk wanda ya ce miki wata uku ki riƙe jakarki da kyau. Sunayen wuraren da ke da wannan lasisi ma gwamnatin Birtaniya tana wallafa su kowa ya gani, kuma asibitin gaske ba ya sayar da gurbin aiki, shi ne mai biyan ki.

Sai abin da ba a cika faɗa ba. Shekara 26 da kika yi, da girman da kike da shi a wurin aikinki yanzu, ƙila ke ce ake tambaya kafin a taɓa komai a ɗakin marasa lafiya, in kin je can akasari daga matakin ƙasa za ki fara, yarinyar da kika haifi kamarta ce za ta raba miki aiki, ga aikin dare na awa goma sha biyu a tsaye. Wasu suna ɗauka ba komai, wasu kuma abin yana cin su a rai fiye da gajiyar. Ke kika san zuciyarki, ki tambaye ta tsakani da Allah.

Yanzu lissafin fansho, nan nake so ki zauna da biro da takarda don nan ne maganar take. Ƙasashe da yawa suna da mafi ƙarancin shekarun da za ki yi kina biya kafin ki cancanci ko sisi. Birtaniya shekara 10 ne, cikakken fansho kuma sai 35. Amurka maki 40 ake so, kusan aikin shekara 10 ke nan. Jamus shekara 5. Kanada fanshon tsufa da gwamnati ke bai wa mazauna sai kin zauna shekara 10, cikakke kuma shekara 40. In mun ce jarrabawa da takardu sun ci miki shekara biyu kika fara aiki a 53, kika yi har 67 da yake shi ne shekarun ritaya a Jamus kuma Birtaniya ma can ta nufa, shekara 14 ke nan, wato za ki samu wani abu amma guntu ne, a ƙasar da haya kaɗai ke lashe kaso mai tsoka na albashi. In kuma kin ajiye aikinki na yanzu kafin lokaci, me za ki rasa a fanshonki da garatuti? Wannan ki je ofishin da ke riƙe da fanshonki su rubuta miki a takarda, adadin in kin bari bana, da adadin in kin ƙarasa. Kar ki yarda da "ai kusan ɗaya ne" na baki.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma nasu daban ne, ana samun aikin nas, ba a cire harajin albashi a Dubai da makamantanta, amma zamanki ɗaure yake da kwantiragi, ranar da ya ƙare izinin zama ma ya kama hanyar ƙarewa, kuma baƙo ba shi da fanshon gwamnati sai kuɗin sallama. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa albashin kwana 21 ne a kowace shekara na shekaru biyar na farko, bayan nan kwana 30. Wurin tara kuɗi ne a dawo, ba wurin tsufa ba, sai dai ga mai dukiyar da zai nemi bizarsu ta ritaya ta shekara biyar, wadda ita ma sai an kai 55.

Ƙofar ritaya ta fi sauƙin bayani. Ba ruwansu da satifiket ɗinki, tambayarsu ɗaya ce, nawa ke shigo miki duk wata ba tare da kin yi aiki ba. Tailan daga shekara 50 take bayarwa, da sharaɗin baht 800,000, wato kuɗinsu, a bankin ƙasar ko baht 65,000 duk wata, kuma an hana aiki. Panama tana son fansho na dala 1,000 a wata na har tsawon rai. Sifen tana son wajen Yuro 2,400 a wata da inshorar lafiya mai zaman kanta, ita ma ba aiki. Fotugal tana da biza mai suna D7 da ke son kuɗin shiga da ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar. Haɗarin da ke nan shi ne fanshonki da kuɗin ƙasarki za a biya ki, ke kuma da kuɗin wata ƙasa za ki biya haya da magani, in canji ya juya sai ki wayi gari abin da ya ishe ki bara bana ko sharaɗin sabunta biza bai cika ba. Inshorar lafiya kuma kullum tashi take da shekaru, kuma da yawa ba sa ɗaukar ciwon da kika zo da shi kamar hawan jini ko suga, ke nas ce kin fi ni sanin abin da jiki ke fara yi bayan sittin. Ki kuma sani ƙasashe da yawa in kin kwana 183 a cikinsu a shekara kin zama mai biyan haraji a can, har a kan kuɗin da ke zuwa miki daga waje.

Amma Hajiya abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba kuɗi ba ne, wannan agogon bangon ne. Kin ce shirun gida ya ishe ki, toh shirun can ya fi wannan nauyi wallahi, don nan ko ba komai in kin kwanta ciwo akwai wanda zai buga ƙofa. Wata ƙawata da ta tafi ita kaɗai tana da shekara kusan hamsin ta ba ni labarin ranar da ta je asibiti aka miƙo mata fom, ta cike komai tsaf har ta zo layin da aka ce ta rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru, ta riƙe biron ta kasa rubuta kowa, ƙarshe lambar mai gidan hayarta ta sa, mutumin da sau biyu kacal suka taɓa gaisawa. Ta zauna fa, har yanzu tana can kuma tana jin daɗinta, amma ta ce shekara biyun farko sai da ta nemi mutane kamar yadda ake neman aiki, ta shiga ajin koyon yare, ta riƙa zuwa masallaci ko da ba ta san kowa ba, ta daina jiran a gayyace ta.

Ni dai in ni ce ke, ba zan ajiye aiki bana ba. Zan fara karatun jarrabawar Turanci ina kan aikina tunda sakamakon shekara biyu yake yi kafin ya ƙare, in ɗauki hutu in je ƙasar da raina ya fi so da bizar ziyara, ba otal ba, in kama ɗaki a unguwar talakawa a lokacin da yanayinsu ya fi muni, in hunturu ne in ga yadda duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma, in shiga motar haya in yi cefane in dafa da kaina. Ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, wato yankin Schengen, kwana 90 suke bari cikin kowane 180, ko wata ɗaya kika yi zai gaya miki abin da ni ba zan iya ba, kawai kar ki taɓa aiki da bizar ziyara. Gidan kuma in tafiyar ta tabbata ki sa haya, kuɗin hayar ma wasu ƙasashen kamar Fotugal suna lissafa shi cikin kuɗin shiga, kuma in abin bai karɓe ki ba kina da makullin da za ki dawo ki buɗe.

Ki sake rubuto min in kin karɓo waɗancan adadin biyu daga ofishin fansho, ki haɗa da shekarun da suka rage miki a aiki da sunan ƙasa ɗaya ko biyu da kike hari, sai mu zauna a kansu. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.