Kafin ka sayi garin ƙarfi, leƙa tukunyar gidanku

Tun da muka taɓo zancen tirayatalon, wasan nan da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutu, wasiƙu ba su yanke ba. Akasarinsu kan sayayya ne. Ga waɗanda wuri ya ɗauka a wannan makon.

Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna. Ina son fara atisaye don shiga gajeriyar gasa. Wani ya yi mini tallar keken tsere na Beljiyam, kuɗinsa ya kai albashina na wata uku, ya ce in biya kaɗan-kaɗan. In karɓa?

Kada ka karɓa, ɗan'uwa. Gajeriyar gasa iyon mita 750 ce, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Kilomita 20 kuwa ɗan sakandare yana yin ta kullum a kan Phoenix ɗin babansa. Nemi keke na hannu, wato wanda aka taɓa hawa, mai giya wanda jikinsa lafiya lau, ka tafi da mai gyaran keken da ka yarda da shi, ka biya shi ladan rakiya. Ya duba mahaɗar ƙarfen ko akwai tsaga ko walda da aka lulluɓe da sabon fenti, ya juya ƙafafun ya ga ko suna rawa, ya gwada birki. In an ce maka jikin keken na kabon ne, wani abu mara nauyi da ake yin keken tsere da shi maimakon ƙarfe, ka ƙara yin hattara, domin kabon yana tsagewa ta ciki ido bai gani ba, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne keken ya yi daidai da tsawonka. In ka zauna a sirdi, feda tana can ƙasa, gwiwarka ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai. Keken da ya yi maka girma zai ba ka ciwon baya da na wuya komai tsadarsa. Ragowar kuɗin ka sayi hular kwano, da famfo, da kayan faci, da fitilar baya tun da asuba za ka riƙa fita. Hular kam sabuwa za ka saya, kada ka taɓa ta gwanjo, don wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko ba a ga alama ba. Duba cikinta ka ga tambarin EN 1078 ko CPSC, shaidar cewa ta ci gwajin inganci. In ka shekara kana fita ba fashi, sai ka dawo mu yi maganar babban keke.

Wane agogo ne ya fi, Garmin ko Apple? Ban fara gudu ba tukuna, ina jira in sayi agogon.

Me agogon zai auna, zamanka a kan benci? Fita gobe bayan sallar asuba ka yi minti ashirin, gudu kaɗan tafiya kaɗan. Wayarka tana ƙirga lokaci, manhajar Strava kyauta ce. Wasiƙa irin wannan ita ce ta uku da na samu a wata guda, kuma ba zan sake amsa irinta ba.

Yaya, shekarata 24, nauyina kilo 65. Ina gudu da keke sau biyar a mako amma ina jin kasala. Abokaina a wurin motsa jiki sun ce sai na sha garin furotin. Akwai mai sayarwa a WhatsApp, yana ba da shi a rabin kuɗin kanti, yana ma aunawa a leda ga wanda ba zai iya sayen roba guda ba. Akwai kuma wata ƙwaya da ya ce tana hana gajiya.

Ƙanena, gyara zama, don wannan ita ce maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Fara da lissafin da kai ma ka sani. Garin nan daga waje ake shigo da shi, da dala ake saye, a biya kuɗin jirgi, a biya kwastan. Ka san yadda dala take. To ta wace hanya wani zai sayar maka a rabin kuɗi kuma ya ci riba? Ko dai wa'adinsa ya wuce an goge kwanan watan, ko an cuɗa shi da fulawa da madarar gari mai arha, ko kuma robar ce kaɗai ta gaskiya, an tsince ta an sake cikawa. Wanda ake aunawa a leda kuwa ba shi da suna, ba shi da lamba, ba ka da wanda za ka riƙe ranar da cikinka ya ɓaci. Araha ba ta ado, a nan kuma lafiyarka ce a kan faifai.

Kada ka ɗauka ha'incin furotin tatsuniya ce. A shekarar 2008 a ƙasar Sin an zuba wani sinadari mai suna melamin a madarar jarirai. Dalili shi ne gwajin da ake yi wa madara naitirojin yake aunawa, shi kuwa melamin cike yake da naitirojin, sai madarar da aka tsarma da ruwa ta fito kamar mai furotin sosai. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, mafi yawa ta ƙoda, shida suka rasu. Wannan madarar kamfani ce mai rajista, ta jarirai. Ina ga garin da wani ya ƙulla a leda a ɗakinsa?

Ko na kanti ma ba duka ne tsarkakakku ba. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya gwada nau'i 634 na irin waɗannan kayan ƙarin ƙarfi da aka sayo daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikin robar ba. Mu nan mun san irin wannan ɓarna tun a kan "sha ka fashe", ƙwayoyin ƙiba da ke kumbura fuska su tayar da sukari da hawan jini, mutum yana murna ya yi jiki alhali ruwa ne ya taru.

Ita kuwa ƙwayar "hana gajiya", ka tambaye shi sunanta. In tiramol ce, ka sani ba ta ƙara wa tsoka komai, zafin ne kawai take rufewa, sai ka ci gaba da taka ƙafar da ke neman hutu har ta lalace. Tana sa jiri da gyangyaɗi, kuma kai a kan keke kake tsakanin tirela da adaidaita sahu. Tana kama mutum ya kasa bari, kowa ya ga abin da ta yi wa matasan unguwarsu. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa tun Janairun 2024. Har magungunan ciwon jiki da kowa ya raina, irin su ibuprofen da diclofenac, kada ka sha su kafin doguwar fita. Jiki yana zufa, ruwa ya ragu, su kuma suna rage jinin da ke isa ƙoda. Na taɓa raka wani abokin atisayenmu asibiti a watan Afrilu saboda haka, ya yi kwanaki a kwance ana ƙara masa ruwa, kuma har yau ba na son tuna fuskar matarsa a bakin ɗakin.

Yanzu ga abin da jikinka ke buƙata. Mai atisaye irin naka yana neman furotin tsakanin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa. A kilo 65, ka ce giram 100 a yini. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin dafaffen wake yana da kusan 13. Kofin madara kusan 8. Yankan kifi ko nama mai giram 100 ya kai 20 ko fiye. Gyaɗa kusan rubu'inta furotin ne, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi haka tun da an tatse man. Ga awara, ga alale, ga ɗan wake. Kunun gyaɗa da ƙosai da ƙwai biyu da safe, garau-garau da kifi da rana, fura da nono da la'asar, tuwo da miyar da aka sa mata nama da dare, ka ƙirga da kanka ka ga inda ka kai. Sai dai nonon ya zama wanda aka dafa madararsa, gyaɗar kuma kada ta zama mai fumfuna.

Kuma ina kyautata zaton kasalarka ba ta furotin ba ce. Keke da gudu sitaci suke ƙonawa. Yawancin samarin da ke kawo mini wannan kuka suna fita da cikinsu wayam, su dawo su wuce aiki da shayi da biredi, su kwanta ƙarfe ɗaya na dare suna latsa waya. In fitarka za ta wuce awa guda, sa dabino a aljihu, ka riƙa cin uku ko huɗu kowane rabin awa, ko ayaba. Ka riƙe gorar ruwa. In zufa ta yi yawa, haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ake yi wa mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka ƙara barci, ka mayar da fita biyar ɗin ta zama huɗu na mako biyu. In kasalar ba ta tafi ba, je asibiti a auna jininka a duba zazzaɓin cizon sauro. Kuɗin gwajin bai kai na ledar garin nan ba.

In duk da haka ka nace sai ka saya, to a babban kantin magani mai rajista, roba a rufe da hatiminta, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi wadda ba a liƙa wata takarda a kanta ba. Ita ma lambar ana buga ta jabu, don haka ka bincika ta a shafin hukumar kafin ka biya.

Malam, ɗana ɗan shekara 17 ya ƙwallafa rai a kan wannan wasa. Ba mu da kuɗin wurin iyo na otal, sai ya ce zai riƙa koya a dam tare da abokansa. Hankalina ya ƙi kwanciya, amma ba na son kashe masa gwiwa.

Hajiya, hankalinki ya faɗa miki gaskiya, kuma Allah ya saka miki da ba ki rufe masa ƙofa ba. Yaro mai tashi da asuba don gudu abin a riƙe ne da hannu biyu.

Dam ba wurin koyon iyo ba ne. Ƙasansa ba a ganinsa, akwai rami da laka da ciyawa mai riƙe ƙafa, abokan da zai je da su kuma ba su san ceto ba, mai nutsewa yana janyo wanda ya zo taimakonsa. Ga kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi na ruwa, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. In ya riga ya taɓa shiga irin wannan ruwa, ki tambaye shi cikin hikima ko yana ganin jini a fitsari. Yara maza suna ɓoyewa. Akwai maganinta, praziquantel, amma a asibiti za a auna shi a ba shi gwargwadon jikinsa.

Ki ce masa akwai ɗan'uwan wannan wasa da ake kira duwatalon, gudu, keke, sannan gudu, babu ruwa a ciki. Ya fara da shi. Kuɗin da zai tara na takalmi mai tsada a mayar da shi kuɗin darasin iyo a wurin da ake tsabtace ruwa kuma akwai mai gadin masu iyo a tsaye, ko da sau ɗaya ne a mako. Ku tambaya a filin wasa na jiharku ko jami'ar da ke kusa, nasu ya fi na otal sauƙi in yana aiki. Ya koyi fitar da numfashi a cikin ruwa da kwanciya a kansa tukuna. Mita 750 za ta zo daga baya, ba a makara ba. Allah ya raya miki shi.

Takalmin gudu na gwanjo ko sabo na kasuwa mai tambarin Nike?

Sabon da kuɗinsa bai kai na mudu biyar na shinkafa ba jabu ne, tambarin kawai ka saya. Gwanjo na asali ya fi shi, matuƙar ka juya ƙasansa ka ga bai side ba, ka matsa katifar da yatsa ta dawo, ka ajiye shi a ƙasa bai karkace ba. Takalmin gudu yana mutuwa tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ko samansa yana ƙyalli. Gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa a gaba.

Yaya zan yi da atisaye a watan azumi? Kuma maiɗakina ta fara ƙorafi cewa Asabar da Lahadi duk a kan titi nake.

Azumi ba watan ƙara nisa ba ne. Rage atisayen zuwa rabi. Ɗan gudu mara nauyi minti talatin dab da shan ruwa, ko abin da ya fi haka bayan tarawihi a wurin da ke da haske. Doguwar fita a kan keke da rana da baki a rufe, musamman in azumin ya faɗo cikin bazara, kada ka kuskura. Ruwa ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur, kada ka ɗura shi gaba ɗaya ana kiran assalatu.

Maganar uwargida kuwa, tana da gaskiya. Gajeriyar gasa ba ta buƙatar fiye da awa biyar ko shida a mako. Zaɓi rana ɗaya, ka fita bayan asuba ka dawo kafin ƙarfe tara da cefane a bayan keke, ɗaya ranar kuma ta gida ce. Ka kuma gaya mata nawa ka kashe a kan keken tun kafin ta ji a bakin mai gyara.